Masu Tara Littattafan Zane: Adanawa, Aunawa da Rubutawa a Kundi

  Shirinmu na yau zai kai mu Amurka, wurin wasu mutane da suka mai da tara littattafan yara aikin rayuwarsu. Littattafan da nake nufi su ne na labari cikin zane, waɗanda ake raba shafinsu gida-gida, kowane gida da hotonsa, maganar mai magana tana fitowa daga bakinsa a cikin 'yar ƙawanya. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin Superman ko Spider-Man ko Tintin ya san abin da nake faɗa. Masu wannan harka abu uku suke yi: su tara, su auna lafiyar abin da suka tara, su rubuta shi a kundi. Biyun farko su suka yi suna, domin a nan kuɗi yake. Ni kuwa na ukun ne ya fi tsaya mini a rai.

Bari mu fara da kuɗin, tunda shi ke sa a juyo a saurara. A shekarar 1938 wani kamfani a birnin New York ya fitar da mujalla mai suna Action Comics, fitowa ta 1. Kuɗinta santi 10, wato kashi ɗaya cikin goma na dala. A cikinta aka fara ganin Superman, wanda wasu samari biyu 'yan birnin Cleveland suka ƙirƙira, Jerry Siegel yana rubutu, Joe Shuster yana zane. Sun sayar wa kamfanin haƙƙin mallakarsa kacokan a kan dala 130. An buga kwafi wajen 200,000. To, a watan Afrilu na 2024, kamfanin gwanjo na Heritage da ke birnin Dallas ya sayar da kwafi ɗaya tak daga cikinsu a kan dala miliyan 6. Kafin nan, a 2021, an sayi Amazing Fantasy fitowa ta 15, ta shekarar 1962, wadda Spider-Man ya fara bayyana a cikinta, a kan dala miliyan 3.6.

Me ya kawo wannan tsada? Shaharar Superman tana ciki, ba shakka. Amma babban dalili shi ne, daga cikin 200,000 ɗin nan, masu bin diddigi sun ƙiyasta abin da ya rage a duniya bai wuce wajen kwafi 100 ba. Sauran sun salwanta, kuma yadda suka salwanta ɗin darasi ne da kansa.

Tun farko ba a yi littattafan don su daɗe ba. A kan takardar jarida aka buga su, mafi arha, wadda ake yi da niƙaƙƙen itace ba tare da an cire mata wani sinadari mai suna lignin ba. Wannan sinadari idan ya sha iska da haske shi ke sa takarda ta yi ja, asid ɗin da ke jikinta kuma ya riƙa cin zarenta a hankali har ta bushe, ka taɓa gefenta ya kakkarye maka a hannu. Sai kuma masu littafin: yara ne. Yaro ya naɗe shi ya cusa aljihu, ya ara wa abokinsa, abokin ya ara wa ƙaninsa, daga ƙarshe uwa ta zo shara ta haɗa da shi. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1941, aka yi gangamin tara tsofaffin takardu don a sake sarrafa su, yaran makaranta suka bi gida-gida suna kwasowa, littattafan zane masu yawa suka tafi ta nan. Bayan yaƙi kuma sai aka taso musu da zargin ɓata tarbiyya. A wasu garuruwa an tara su a filin makaranta an cinna musu wuta. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana ɗora musu laifin kangarar yara, wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zauna a kan batun, kamfanonin da kansu suka kafa hukumar tace abin da suke bugawa. A irin wannan yanayi, wane baligi ne zai ɓata wuri a ɗakinsa yana ajiye su?

An samu ɗaya. Sunansa Edgar Church, mai zanen talla ne a birnin Denver na jihar Colorado. Tun daga ƙarshen shekarun 1930 har zuwa shekarun 1950 yake sayen kusan duk abin da ya fito, saboda yana duba zanen don aikinsa, sannan ya jera su a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa. A 1977, da ya tsufa, iyalinsa suka so su rabu da kayan, wani matashin ɗan kasuwa, Chuck Rozanski, ya je ya saya. Abin da ya tarar tsakanin littafi 18,000 ne da 22,000, da yawa daga cikinsu kamar ranar aka fito da su daga maɗaba'a, shafukansu fari fat. Denver gari ne a kan tudu, iskarsa busasshiya, ɗakin ga sanyi ga duhu, nauyin tulin kuma ya danne littattafan ya hana iska shiga tsakaninsu. Har yau idan aka ce kwafi daga tarin Church ya fito, kuɗinsa daban yake. Ku riƙe abu ukun nan da suka ceci kayansa, sanyi da duhu da rashin laima, domin za mu komo kansu idan mun zo maganar ƙasarmu.

Da labarai irin wannan suka bazu, sai mutane suka ɗauka duk littafin zane dukiya ne mai jiran lokaci. Kamfanoni suka lura da kwaɗayin, suka biya shi. A 1991 kamfanin Marvel ya fitar da X-Men fitowa ta 1 da bango iri biyar, aka sayar da sama da kwafi miliyan 8. Mutum ɗaya sai ya sayi goma ko ashirin, ko buɗewa bai yi ba, ya sa a leda ya ɓoye. Shekara guda bayan haka kamfanin DC ya kashe Superman a cikin labari, mutane suka yi layi a ƙofar kantuna. Amma abin da miliyoyin mutane suka killace a rana ɗaya ba ya ƙaranci, kuma abin da bai yi ƙaranci ba ba ya tsada. Kasuwar ta rushe, kantuna da dama suka rufe, Marvel kanta, da bashi ya riga ya yi wa katutu, ta nemi kariyar kotu daga masu binta a watan Disamba na 1996. X-Men ɗin nan na 1991, har gobe da 'yan daloli ake samunsa. Don haka duk wanda ya zo muku da sabon littafi yana cewa ku saya ku ɓoye zai zama miliyoyi, ku tuna masa da wannan shekara.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, yanzu sai maganar awo. Kwafi biyu na littafi ɗaya, bugu ɗaya, rana ɗaya, ɗaya ya kai dala miliyan, ɗaya ko rabin rabinsa bai kai ba. Bambancin lafiyar jikinsu ne. Kuma da yake mai sayarwa kullum kayansa lafiyayye ne a idonsa, sai da aka nemi ma'aunin da kowa zai yarda da shi.

Wanda ya fara kafa harsashin shi ne Robert Overstreet, wanda a 1970 ya fitar da kundin farashi, kuma aka ci gaba da sabunta shi shekara-shekara. Kundin ya jera littattafai, ya ba kowanne farashi bisa matakin lafiyarsa. Wannan ya taimaka ƙwarai, sai dai har yanzu mai saye da mai sayarwa ne za su yi ta jayayya a kan wane mataki kayan yake. Da ciniki ya koma intanet, inda mutum zai biya kuɗi a kan abin da bai taɓa da hannunsa ba, matsalar ta ƙaru. A shekarar 2000 aka buɗe kamfanin CGC, wanda cibiyarsa ke Sarasota a jihar Florida. Aikinsa shi ne ka aika masa littafinka, ma'aikatansa su duba, su ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, sannan su rufe shi ruf a cikin akwatin roba mai ƙarfi mai haske, da takardar shaida a samansa. Kwafin Superman na dala miliyan 6 ɗin nan maki 8.5 ya samu. Na Spider-Man ɗin 9.6.

Yadda dillali a kara yake buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya shafa gadon baya, ya ɗaga kofato, haka mai awo yake bin littafi gaɓa-gaɓa. Abu na farko ƙirga shafuka, domin shafin tsakiya shi ya fi saurin cirewa ya ɓace. Sai ya duba ko an yanke wani abu a ciki. Ga misali: a 1974 Marvel ta riƙa buga wani ɗan kan sarki a cikin littattafanta, ta ce yara su yanka su liƙa a wani ɗan littafi. Yara suka sa almakashi. Ɗaya daga cikin littattafan da abin ya shafa shi ne Incredible Hulk fitowa ta 181, inda Wolverine ya fara cikakkiyar fitowa, littafin da ake nema ruwa a jallo a yau. Kwafin da aka yanke wa kan sarkin, komai kyan bangonsa, ba cikakke ba ne, kuma darajarsa ta faɗi. Daga nan sai wayoyi biyun da aka ɗinke tsakiyar littafin da su: sun yi tsatsa? Tsatsar ta ci takarda? Bango na nan liƙe da su ko ya fara rabuwa? Sai gadon bayan littafin, inda ake neman 'yan ƙananan karaya da buɗewa ke haifarwa, musamman waɗanda suka fasa launi har farin takarda ya bayyana. Sai kusurwoyi huɗu, ko suna da kaifi ko sun dakushe. Sai tabon ruwa, rubutun biro, ƙyallin bango. Daga ƙarshe launin shafukan ciki, daga fari, zuwa mai ɗan duhu, zuwa ruwan ƙasa, zuwa wanda ya riga ya bushe yana karyewa.

Don ku ji nauyin yagewa ɗaya: a 2013 wani mai gyaran gidaje a jihar Minnesota ya fasa bangon wani tsohon gida, ya tarar da Action Comics fitowa ta 1 a cikin tsofaffin jaridun da aka cusa a bangon don tare sanyi. Ana cikin murna da ja-in-ja tsakaninsa da wata 'yar uwa, bangon baya ya yage. Littafin ya samu maki 1.5, aka sayar da shi dala 175,000. Kamfanin da ya yi gwanjon ya ce yagewar nan ta ci wajen dala 75,000.

Akwai kuma maganar gyara, kuma a nan ne amana take shigowa. Tsohon littafi ana iya shafa masa launi a inda ya koɗe, a cike inda ya gutsure da wata takarda, a sauya wayoyi, ko a sa reza a daidaita gefen da ya tauye. Idan an yi don a ceci littafin aka kuma faɗa, babu laifi. Idan an yi aka ɓoye, algus ne. Masu awo suna da fitila ta musamman da gilashin ƙara girma don gano irin wannan, kuma CGC tana bambanta su da launin takardar shaida: shuɗiya ga wanda ba a taɓa ba, shunayya ga wanda aka gyara, koriya ga wanda ke da wani aibi guda da ake son a bayyana, rawaya ga wanda aka sa wa hannu a gaban wakilin kamfanin. Shunayyar takarda kan zubar da farashi ƙwarai. Abin da har yanzu ake muhawara a kansa shi ne guga, wato a danne littafi da zafi da ɗan tururi don lanƙwasa ta miƙe. Kamfanin ba ya ƙirga wannan a matsayin gyara, wasu tsofaffin masu tarawa kuwa suna ganin sauya kama ne ko ta yaya aka kira shi.

Ni a ganina, awo ya yi amfani. Ya rage cuta, ya ba mai saye na nesa abin dogaro. Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Littafin da aka rufe a akwatin roba ba ya buɗuwa. Ka fasa akwatin, makin ya tashi a banza. Mai shi yana ganin bangon gaba da na baya, labarin kuwa da zanen da mutane suka ɓata dare suna yi an kulle su a ciki. Ga kwafin 1938 wanda bai fi ɗari ba a duniya, wannan daidai ne, domin an sake buga labarin sau da yawa, mai son karatu zai samu. Amma yau har littafin da ya fito watan jiya ana aikawa a rufe, ana farautar 9.8, alhali bambancinsa da 9.6 sai an sa ido sosai kafin a gani, farashin kuwa ya ninka ko ya fi. Kuma makin nan hukuncin ɗan Adam ne. Ana iya aika littafi ɗaya sau biyu ya dawo da maki biyu, masu harkar sun san haka, shi ya sa wasu ke fasa akwati su sake aikawa ko a dace. Lamba tana da amfani matuƙar mutum bai daina duba littafin da idonsa ba.

(Ɗan kiɗa)

To, mu dawo gida kaɗan, domin takardar jarida ɗaya ce ko'ina, kuma mu ma muna da irin waɗannan kaya. Watanni kaɗan bayan fitowar Superman, a watan Janairu na 1939, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Dattawan da suka yi makaranta a ƙarshen shekarun 1960 suna tuna African Film, mujallar kamfanin Drum mai labarin Lance Spearman, wadda da hotunan kyamara aka yi ta amma tsarinta na littafin zane ne. A 1976 Wale Adenuga ya fara Ikebe Super a Legas, inda Papa Ajasco ya fito kafin ya koma talabijin. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci, yaran makaranta sun tashi da mujallar Kouakou tun 1966. Waɗannan duka, in ban da abin da ɗakunan karatu da 'yan tsirarun mutane suka killace, sun bi hanyar da takarda ke bi a wurinmu: mai ƙosai, mai tsire, murhu, gara.

Yanayinmu kuwa kishiyar ɗakin Edgar Church ne. Masana adana takardu sun nuna cewa ƙarin zafi na digiri 10 yana iya ninka saurin lalacewar takarda, mu kuwa a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Damina ta zo da laima, waya ta yi tsatsa, fumfuna ta kama. Hunturu ya zo ya busar da takardar ƙamas. Wannan kai-komo tsakanin laima da bushewa yana gajiyar da takarda ƙwarai. Saboda haka wanda yake da irin waɗannan kaya, ya nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan, na tsakiya, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Kada ya ajiye a ƙasa, kada akwatin ya jingina da bango, domin nan ne hanyar gara. Ya ɗora a kan kanta ko benci, ya riƙa buɗewa yana dubawa, musamman a tsakiyar damina.

Abubuwan da muke yi da kyakkyawar niyya su suka fi ɓarna. Salatef shi ne na gaba: bayan 'yan shekaru ledar ta ɓare, gam ɗin ya nutse cikin takarda ya bar tabo ruwan ƙasa wanda ba ya fita. Laminatin ya fi shi muni, domin zafi da gam ne suke haɗe takarda da leda har abada, babu komawa. Robar ɗaure kuɗi tana narkewa ta manne. Leda mai taushi mai warin roba, irin ta PVC, tana fitar da sinadarin da ke cutar da takarda. Masu tarawa a Amurka suna sa kowane littafi a ledarsa ta musamman da kwali marar asid a bayansa, su tsayar da su a akwatin kwali. Wanda bai samu wannan ba, ya naɗe kowane littafi a farar takarda mai tsabta, ya kwantar da su 'yan kaɗan-kaɗan, kada tulin ya yi tsawo. Idan shafi ya yage, a bar shi a yage, a sa gutsuren a ambulan tare da littafin. Hannu a wanke, a bushe. Sannan a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye hotunan a wuri fiye da ɗaya.

Yanzu ga aikin da na ce ya fi tsaya mini a rai, wato rubutawa a kundi. Mai sauraro zai ce, ai suna da lamba ne kawai, mene ne abin wahala? To saurara. Sunan da ke bangon littafi ba lallai shi ne sunansa na rajista ba. Na rajistar yana cikin wani ɗan ƙaramin rubutu, yawanci a ƙasan shafin farko ko a cikin bango, inda aka sa sunan kamfani da lamba da shekara, kuma da shi masu kundi suke aiki. Watan da ke bango ma ba shi ne watan fitowa ba. Action Comics ta farko Yuni aka rubuta mata, amma tun Afrilu take kasuwa, domin kamfanoni kan tura kwanan wata gaba don kada mai kanti ya sauke ta da wuri. Lambobi kuma suna da nasu ruɗani. Mujallar Hulk ta 1968 da lamba 102 ta fara, saboda ta gaji lambobin wata mujalla mai suna Tales to Astonish. A shekarun 1940 da 1950 kamfanoni sun sha sauya wa mujalla suna da labari gaba ɗaya su bar lambar tana tafiya, don gudun biyan sabon kuɗin rajista a gidan waya. Ga kuma sake bugu. A 1974 DC ta sake buga Action Comics ta farko shafi da shafi, da wani bango na waje mai bayyana cewa sabon bugu ne. Idan aka cire bangon wajen, wanda bai sani ba sai ya rantse ta 1938 ce. Abin da ke tona asiri shi ne girma, ta 1974 ta fi ta asali faɗi da tsawo nesa ba kusa ba. Wanda ya rubuta awon asalin a kundi ya tsare mutane da yawa daga asara.

Amma babbar ribar kundi ita ce mayar wa mutane haƙƙinsu. A zamanin farko kamfanoni ba su cika sa sunan mai rubutu ko mai zane ba. Labaran Donald Duck sunan Walt Disney kaɗai suke ɗauke da shi. Masu karatu suka lura cewa a cikin masu zanen akwai wani da hannunsa ya fita daban, labarinsa ya fi daɗi, ba su san ko wane ne ba, har sai wajen 1960 da wasu masoya suka bi sawu suka gano shi: Carl Barks, mutumin da ya ƙirƙiri Scrooge McDuck a 1947. Batman kuma, wanda ya fara fitowa a Detective Comics ta 27 a 1939, shekara da shekaru sunan Bob Kane kaɗai ake sa masa. Bill Finger, wanda ya rubuta labarin farko kuma yake da hannu dumu-dumu a kamannin jarumin, ya rasu a 1974 cikin talauci, sunansa ba ya jikin abin da ya gina. Wanda ya fara fito da maganarsa fili a rubuce, a 1965, shi ne Jerry Bails, malamin jami'a a Detroit, wanda ya ɗauki shekaru yana aika wasiƙu ga tsofaffin ma'aikata yana tambayar wa ya rubuta wannan, wa ya zana wancan, yana tattarawa a kundi. Sai a 2015 kamfanin DC ya amince ya riƙa sa sunan Finger. Shekara 50 ke nan tsakanin rubutun Bails da wannan rana, kuma da babu masu kundi da ba ta zo ba.

Aikin ya ci gaba. Tun 1994 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban suke gina Grand Comics Database a intanet, suna shigar da littafi bayan littafi, labari bayan labari, da sunan duk wanda ya sa hannu, kyauta ga kowa. Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka yana riƙe da sama da kwafi 140,000, kuma a 2008 wani da bai bayyana sunansa ba ya kai masa kyautar ainihin zanen hannu na Steve Ditko na Amazing Fantasy ta 15. Jami'ar Jihar Michigan tana da tari mai girma da aka jera shi kamar kowane fanni na ilimi. A Brussels an buɗe gidan tarihin littattafan zane a 1989, a Kyoto ta Japan a 2006.

Ga wani abu da zai nuna muku inda giɓin yake. A 1975 an fara buga wani littafin zane mai suna Powerman domin kasuwar Najeriya, jaruminsa baƙar fata. Masu zanen Turawan Ingila ne matasa, Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka zama manya a duniyar zane, Gibbons ne ma ya zana Watchmen. Saboda sunayen nan biyu, labarin Powerman yana rubuce, an ma sake buga wani ɓangarensa a Amurka a 1988. Amma 'yan ƙasa da suka yi zane a mujallu da jaridu da littattafan makaranta a waɗancan shekaru, a Legas da Ibadan da Zariya da Kaduna, nawa ne daga cikinsu za mu iya kawo jerin aikinsu? Dokar 1970 ta wajabta wa mai buga littafi a Najeriya ya kai kwafi uku Ɗakin Karatu na Ƙasa, sai dai ƙananan masu bugu da yawa ba su bi ta kanta ba. Haka littattafan hikaya na Kano da suka cika kasuwa tun shekarun 1980: da yawa ba shekarar bugu a jikinsu, mai zanen bangon kuma sau da yawa ba a ambace shi ba.

Wannan aiki ba ya bukatar dala. Littafin rubutu mai layi ya isa, ko waya. Kowane kwafi a ba shi layinsa: sunansa kamar yadda aka buga, lamba, shekara idan akwai, maɗaba'a da garinta, kuɗin da ke bango, yawan shafi, tsawo da faɗi da santimita, marubuci, mai zane. A duba kusurwar hoto da kyau, masu zane kan ɓoye sa hannunsu a nan. A rubuta lafiyarsa da gaskiya, shafi kaza ya ɓace, bango ya rabu, gara ta taɓa gefe. A rubuta inda aka same shi da wanda ya bayar. Idan babu shekara, kada a ƙirƙira. A nemi alama a cikin littafin: farashi da sule ko fam yana nufin kafin 1973, lokacin da naira da kwabo suka shigo, tallan da ke bangon baya ma yakan nuna zamani. A rubuta cewa ƙiyasi ne, a faɗi hujjar. Idan kuma mai zanen yana raye, ko wanda ya yi aiki a maɗaba'ar, a je a gaishe shi, a zauna a tambaye shi, a rubuta abin da ya faɗa da ranar da ya faɗa. Wanda ya haɗa irin wannan kundi yana iya kai kwafinsa Gidan Arewa a Kaduna, ko ɗakin karatu na jami'ar da ta fi kusa da shi, inda ɗalibi mai bincike zai same shi.